Baƙin ciki da ciwon damuwa: likita ya amsa tambayoyin masu karatu daga Kumasi

Wani malamin makaranta daga Asawase: Likita, na ji wai masana sun ce damuwa tana da amfani ga ɗan Adam. In haka ne, don me kuke ba da magani?

Malam, rabin zancen aka kawo maka. Dubi kuturu. Jijiyoyin hannunsa sun mutu, sai ya ɗauki tukunya daga kan wuta bai ji ba, ƙaya ta soke shi bai sani ba, har gyambo ya cinye yatsun. Rashin jin zafi ne ya cuce shi. Masu nazarin juyin halitta suna yi wa ƙuncin zuciya irin wannan kallon. A 2000 Randolph Nesse, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya rubuta cewa sanyin jikin da ke kama mutum idan ya daɗe yana bin abin da ba zai samu ba yana iya sa shi ya dakata, ya daina ɗiban ruwa da kwando. A 2009 kuma Paul Andrews da Anderson Thomson suka ce yawan saƙe-saƙen mai damuwa hanya ce ta tattara hankali kan matsala mai wuya. Wannan na biyun likitoci da yawa ba su gamsu da shi ba, ni ma haka, don mai ciwon sosai tunaninsa zagaye kawai yake yi, ba ya kai shi ko'ina.

Tari ma kariya ne ga huhu, amma wanda ya yi wata guda yana tari gwajin tarin fuka ake tura shi. Haka ma ƙuncin zuciya, ma'auninmu na gane ya zama ciwo shi ne mako biyu: ƙunci kusan kullum, ko abin da mutum yake so a da ya fita daga ransa, ga barci ya lalace, abinci ba ya ciwuwa, aiki ya gagara, yana ganin kansa ba shi da amfani. Kafin magani akan duba jini, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro mai suna tayroyid suna kawo irin wannan kasala.

Wata baiwar Allah daga Aboabo: Mahaifiyarmu tana takaba, wata biyu ke nan, kullum kuka. Mu sayo mata magani?

Allah ya jiƙan baba, 'yar'uwa. Kukan rashi ba cuta ba ne, kuma yakan zo ya lafa, musamman idan 'yan gaisuwa sun shigo ana hira. Ku zauna da ita, ku ci abinci tare. Amma idan ta daina ci tana ramewa, ko tana cewa ita ce sanadi, ko gara ta bi shi, kada ku jira takabar ta ƙare. Ku kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. Zuwa asibiti don lalura bai ɓata takaba.

Wani matashi mai tuƙa adaidaita daga Sabon Zango: Kwana goma ina shan maganin damuwa mai suna fluoxetine, ban ga sauƙi ba sai tashin zuciya. Ina kuma shan tramadol saboda gajiya.

Ɗana, tramadol ɗin ne ya fi tayar mini da hankali. Shi da fluoxetine duka suna ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Idan suka haɗu suna iya kawo rawar jiki, gumi, zazzaɓi, ruɗewa, har da farfaɗiya. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka maganin yau, ka gaya masa tramadol guda nawa kake sha a rana, ba ɓoye-ɓoye, don a tsara yadda za ka rage shi.

Fluoxetine kuwa, miligram 20 ake farawa da shi, da safe, bayan an ci wani abu. Illarsa ce ke riga amfaninsa zuwa: tashin zuciya da ƙarancin barci a makon farko, sauƙi kuma sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani ma shida. Yana iya rage sha'awar iyali, abin da maza ke jin nauyin faɗa sai su ajiye maganin shiru. Wanda bai kai shekara 25 ba, a makonnin farko tunanin kashe kai na iya ƙaruwa. In ya zo maka, ka gaya wa wani a gida, ku tafi asibiti a ranar. Tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, ba wanda zai kai ka kotu.

Wata 'yar kasuwa daga Kejetia: Na warke daga ciwon damuwa da maganin amitriptyline. In daina? Ga azumi na tafe.

Hajiya, tukuna. A ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, in ba haka ba ciwon yakan dawo. Idan lokaci ya yi, a hankali ake ragewa cikin mako huɗu ko fiye, don yanke shi farat ɗaya na kawo jiri, tashin zuciya da munanan mafarkai. Azumi ba matsala, tunda da dare ake shan sa. Yana busar da baki, yana kuma sa jiri idan aka miƙe da sauri, saboda haka ki sha ruwa sosai da sahur. Ki kulle shi inda jikoki ba za su kai ba, ƙwayoyi kaɗan na iya tsayar da zuciyar yaro.