Amsoshin Tambayoyinku: Harbin baƙaƙen fata a Amurka, 'yan jarida ne ke zuzutawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kullum muna gardama da ƙanin mijina kan labaran 'yan sandan Amurka da ke harbe baƙaƙen fata. Shi ya ce 'yan jarida ne ke kambama abin, wai fararen da ake kashewa sun fi yawa amma ba a yayatawa. Ni kuma gani nake baƙin mutum ko ya mutu sai an ɓata masa suna. Malam, ina gaskiyar take?
Daga wata mai karatu a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin lissafi. Daga 2015 zuwa 2024 jaridar Washington Post ta ƙirga mutanen da 'yan sanda suka harbe har lahira, saboda gwamnatin tarayya ba ta da cikakken adadi. Abin da ta samu shi ne kusan mutum 1,000 duk shekara, kuma farare sun fi yawa a ciki, tunda su suka fi yawa a ƙasar. Amma baƙaƙe kusan kashi 13 cikin 100 ne na jama'a, kuma idan aka auna da yawansu, kisan da ake yi musu ya ninka na farare sau biyu har da ɗoriya. Yana da gaskiya kuma cewa akwai fararen da aka kashe aka yi saurin mantawa da su. Daniel Shaver yana rarrafe yana kuka a wani otal a Arizona aka harbe shi a 2016, kotu ta wanke ɗan sandan. Wannan ma zalunci ne, kuma bai rage wa na baƙaƙe nauyi ba.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labarin ranar farko. Idan aka harbe mutum, wanda ya yi harbin yana da kakaki da ofishin yaɗa labarai. Mamaci ba ya magana, danginsa kuma suna cikin ruɗani. Ɗan jarida yana sauri, sai ya kwashi sanarwar 'yan sanda ya buga kamar ya gani da idonsa.

Dubi Laquan McDonald, yaro ɗan shekara 17 a Chicago. A Oktoba 2014 aka ce ya yo kan 'yan sanda da wuƙa, shi ya sa aka harbe shi. Haka jaridu suka ɗauka, magana ta mutu. Alhali akwai bidiyo daga kyamarar motar 'yan sanda, hukumomin birnin suka riƙe shi wata 13, sai da wani ɗan jarida mai zaman kansa ya kai ƙara alƙali ya ba da umarnin a sake shi a Nuwamba 2015. Wuƙar tana hannunsa, gaskiya ne, amma yaron nesa da su yake nufa lokacin da ɗan sanda Jason Van Dyke ya ɗirka masa harsashi 16, da yawa bayan ya riga ya faɗi ƙasa. A ranar da bidiyon ya fito aka tuhumi Van Dyke da kisa, a 2018 aka same shi da laifi. Kin ga aikin jarida ta fuska biyu: masu kwafar sanarwa sun taya binne maganar, wanda ya nace shi ya tono ta.

Batun ɓata suna da kika kawo ma ba zato ba ne. Bayan harbe Michael Brown, wani matashi baƙar fata, a garin Ferguson na jihar Missouri a Agusta 2014, gawarsa ta yi kusan awa 4 yashe a titi, sannan jaridar New York Times ta rubuta cewa shi ba mala'ika ba ne. Wa ya ce sai mala'ika ne ke da haƙƙin a kai shi gaban alƙali da ransa? Ki gaya wa ƙanin mijinki dukkan labarin: Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ba ta tuhumi ɗan sandan ba, amma rahotonta na Maris 2015 ya tabbatar cewa 'yan sandan garin sun daɗe suna takura wa baƙaƙe da tara don cika asusun hukuma.

George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sanda, ba harbinsa aka yi ba, amma tsarin ɗaya ne. Sanarwar farko ta 'yan sandan Minneapolis a Mayu 2020 ta nuna kamar rashin lafiya ce ta taso masa a hannunsu, ba ta ambaci gwiwar da aka danne masa wuya da ita sama da minti 9 ba. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki abin da wayarta ta sa a Facebook, kuma bidiyonta na cikin manyan shaidun da suka sa aka yanke wa Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne shi, ɗaurin shekara 22 da rabi a 2021.