An gayyaci ƙanwata taron tallan kayan ƙawa a Amurka, gaskiya ne ko damfara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata tela ce, ita ke sa ɗinkinta tana ɗorawa a Instagram. Wani shafi mai shuɗin maki ya turo mata saƙo wai an zaɓe ta zuwa taron masu tallan kayan ƙawa a New York, inda kamfanoni ke ɗaukar sababbin fuskoki. Sun ce ta biya kuɗin rajista kafin Juma'a, za su nema mata biza. Mu biya? Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kada ku tura ko sisi tukuna. Abu biyu ne a gabanku: shin masu saƙon su ne waɗanda suka ce su ne, sannan ko da su ɗin ne, shin taron ya ci kuɗinsa?

Na farkon, wayarki za ta warware shi. Ki manta da shuɗin makin nan, tun 2023 kamfanin Meta mai Instagram ke sayar da shi ga mai biyan kuɗin wata-wata. Ki shiga shafin, ki taɓa ɗigo ukun da ke sama ta dama, ki zaɓi About this account. Nan za ki ga watan da aka buɗe shafin, da ƙasar da yake, da ko ya taɓa sauya suna. Kamfanin da ke iƙirarin shekara ashirin a New York, amma shafinsa bai wuce wata huɗu ba, kuma ya sauya suna sau uku, ai magana ta ƙare. Sai ki ɗauki hoton ɗaya daga cikin 'yan matan da suka ce su suka fito da su, ki sa a Google Lens ko TinEye. Sau tari za ki tarar hoton na wani kamfani ne daban, sato shi aka yi.

Idan sun ba da adireshin shafin intanet, ki kwafa ki liƙa a lookup.icann.org, zai nuna miki ranar da aka yi masa rajista. Ki kuma karanta adireshin harafi bayan harafi, domin 'yan damfara kan ɗauki sunan babban kamfani su ƙara harafi ɗaya ko ɗan layi (-) a tsakiya. Imel ɗin da ya ƙare da gmail.com ma abin tuhuma ne. In kuma asusun da za a tura kuɗin na wani mutum ne a bankin Najeriya ko OPay, to me ya haɗa New York da shi? Abin da ya fi duka sauƙi: ki nemi shafin kamfanin da kanki ta Google, ba ta linkin da suka turo ba, ki tambaye su ko sun san da gayyatar.

Na biyun ya fi wuya, don irin waɗannan tarurruka akwai su da gaske. Sanannen cikinsu shi ne IMTA, da ake yi a New York da Los Angeles, kuma 'yan fim irin su Ashton Kutcher da Katie Holmes sun bi ta cikinsa a shekarun 1990. Sai dai mahalarci ne ke biyan kuɗin horo da rajista da jirgi da otal, abin da kan kai dubban daloli, kuma abin da ya saya damar a gan shi ce kawai, babu alkawarin aiki. Sunayen da suka dace ake ta nanatawa, ɗimbin waɗanda suka koma gida hannu rabbana ba mai ambatonsu. A ganina, ga wanda zai canza naira zuwa dala, cinikin bai yi ba.

Kamfanin wakilci na gaskiya kamar dillalin kasuwar shanu yake, sai an yi ciniki yake cin la'ada, yawanci kashi 10 zuwa 20 na kuɗin aikin. Hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta daɗe tana gargaɗi kan masu karɓar kuɗi tun kafin aiki. Jihar Kalifoniya ta haramta wa wakilai karɓar irin wannan kuɗi tun 2010, jihar New York kuma ta fara aiki da dokar da ta ƙayyade la'adar a kashi 20 a watan Yunin 2025. Kuma manyan kamfanoni irin IMG da Elite suna karɓar hotuna kyauta ta shafukansu, hoton waya ma ya wadatar, ba kwalliya. IMG ɗin ne ya ɗauki Halima Aden, mai tallan kayan ƙawa 'yar asalin Somaliya, da hijabinta.

Batun biza kuwa, ofishin jakadanci ne kaɗai ke bayarwa, kuma bizar ziyara ba ta halatta yin aiki a Amurka. Duk wanda ya ce a kawo fasfo zai shirya komai, a ji tsoronsa, don da irin wannan romon baka masu safarar mutane ke jan 'yan mata. Idan suka matsa, ku kai rahoto NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya.

Tambaya: Malam, ni kuma an sa ni a wani zauren WhatsApp na neman sababbin 'yan wasa. Sun ce in karanto musu lambobi shida da za su shigo wayata don tantancewa, na bayar, yanzu WhatsApp ɗina ya rufe. Daga wani ɗan uwa a Zariya.

Amsa: Ɗan uwa, babu wata tantancewa, makullin WhatsApp ɗinka ka miƙa musu. Ka buɗe manhajar ka sake shigar da lambarka, sabbin lambobi shida za su zo ta saƙon tes, da ka sa su an fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya kafa nasa lambobin sirri na mataki biyu, sai ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga. Kafin nan ka kira 'yan uwa da abokai ka shaida musu, don yanzu haka da sunanka ake roƙonsu kuɗi. Da ka dawo, ka shiga Settings, sai Account, ka kunna Two-step verification, ka haɗa da imel ɗinka.