Wai kamfanin cakulan ya san wanda ya yi aiki a gonar kokonsa?

Tambaya: Salam malam. Na sayi cakulan sai na ga an rubuta a bayan ledar wai suna yaƙi da sa yara aikin wahala a gonakin koko. To kamfani yana can Turai, ta yaya zai san abin da ake yi a wani ƙauye a Ghana? Ko dai talla ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ba duka ne talla ba, amma sanin nasu gajere ne. (Kokon cakulan fa muke nufi, ba na ƙosai ba.)

Ka ga manomi zai fasa kokonsa ya shanya, ya kai wa akawun saye na ƙauye, a ɗora a sikeli a ɗinke buhu mai kilo 64, kuma nan take ake haɗa nasa da na maƙwabta, kafin kaya su isa tashar jirgin ruwa ta Tema ko Takoradi wallahi babu mai iya ce maka wannan ƙwayar daga gonar wane ta fito. To nan ne idon kamfani yake rufewa. In ma sun turo masu bincike, gari ya riga ya ji labarin zuwansu, ranar duk yara suna aji.

Kuma ba yaron da ke taya babansa juya shanya bayan an tashi makaranta ake magana ba, a'a, wanda aka ba adda, ko ya goya tankin feshi, ko ya ɗau buhun da ya fi ƙarfinsa.

Tun 2001 kamfanonin suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin-Engel da 'yan majalisar Amurka, cewa za su kawo ƙarshen mafi munin aikin wahalar yara a gonakin koko, wa'adi 2005, aka yi ta ɗagawa har 2020. A shekarar ne cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar da rahoto, yara kusan miliyan 1.56 na aikin wahala a gonakin koko a Ghana da Kodibuwa.

Abin da ni na ga ya fi tasiri shi ne tsarin da ake ɗaukar ɗan gari, manomi irinsu, yana shiga gida gida yana rubuta yaran, in ya samu wanda ke aiki ba 'yan sanda zai kira ba, sai a nema masa takardar haihuwa da yunifom da littattafai. Sai dai uban da ba shi da kuɗin ɗaukar lebura fa? Dole ya waiwayi ɗansa. Shi ya sa a 2019 ƙasashen biyu suka ƙara dala 400 kan farashin kowane tan na koko, don kuɗin manomi ya ƙaru.

In kana son gane mai gaskiya, leƙa rahoton kamfanin a intanet ka duba kashi nawa na kokonsu suke iya bi har gona, da yara nawa suka gano. Wanda ya ce bai samu ko ɗaya ba, ni dai nakan ɗauka bai nema ba ne.