Tambaya da Amsa: "Majalisa ce ta yanke", yaya zan tabbatar?

TAMBAYA: Ni mai sayar da hatsi ne a wata kasuwar mako cikin jihar Maraɗi. An ƙara mana kuɗin rumfa, da muka tambaya sai mai yankan tikiti ya ce majalisar ƙaramar hukuma ce ta yanke. Yaya majalisa ke yanke shawara, kuma ta ina talaka zai gane gaskiya?

AMSA: Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Maganar bakin magajin gari daban, shawarar majalisa daban. Abin da majalisa ta yanke yana da takarda mai kwanan wata da sa hannu, ita za ka nema.

Tushen aikin shi ne kundin dokokin ƙananan hukumomin Nijar, doka mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba 2010. A ƙarƙashinsa kowace majalisa ke rubuta dokar cikin gida, wadda ke tsara yadda ake ba kansila magana, yadda kwamitoci ke aiki da ladabtar da mai tada hayaniya a zaure. Dokar cikin gida ba ta da ikon saɓa wa kundin.

A doka, majalisa na zaman al'ada duk wata uku, sau huɗu ke nan a shekara, ban da zaman gaggawa. Magajin gari ke kira a rubuce, tare da jerin batutuwan da za a tattauna. A nan ake yawan yin tuntuɓe: a cusa batun haraji a ƙarshen zama, kansiloli sun gaji, babu wanda ya ga takardunsa tun daga gida. Sai ƙidayar mahalarta. Idan waɗanda suka zo ba su haura rabin zaɓaɓɓu ba, a majalisa mai kujeru 15 ke nan sai mutum 8, ba a yanke komai a kiran farko. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokokin yankin suna zama, ana jin shawararsu, amma ba su da ƙuri'a kuma ba da su ake cike adadin ba. Mutane da dama ba su san wannan ba, sai su ɗauka tunda sarki na wurin magana ta ƙare.

Bayan ƙuri'a a rubuta rahoton zama, a aika wa firefe, wakilin gwamnati a yankin, ya duba ko an bi doka. Ba aikinsa ba ne ya ce shawarar ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Kuɗin rumfa kuwa sai ya shiga kasafin kuɗi, bai kuma wuce iyakar da dokar kuɗi ta ƙasa ta gindaya ba.

Amma ka lura da lokaci. A watan Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun da aka kafa bayan zaɓen 13 ga Disamba 2020, aka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomin, ke nan mai yiwuwa ba majalisa ce ta yi ƙarin ba. Saboda haka ku je wurin babban sakataren ƙaramar hukumarku, ku biyu ko uku daga ƙungiyar ƴan kasuwa, ku tambayi lambar takardar ƙarin, ranarta da wanda ya sa mata hannu. Kada kuma ka biya ko dala ba tare da tikiti mai lamba ba. Kuɗin da aka karɓa hannu da hannu da wuya su isa asusu, kuma shi ya fi ci mana rai.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a birnin Maraɗi. Wanda ba kansila ba zai iya shiga zaman majalisa?

AMSA: Ƙwarai, Malama. A doka, in akwai zaɓaɓɓiyar majalisa da ke zama, zaman a buɗe yake ga jama'a, sai in an yanke a yi shi a asirce. Za ki zauna ki saurara, ba za ki sa baki ba. Birnin Maraɗi na da matsayi na musamman kamar Yamai, Damagaram da Tawa, an raba shi da'ira uku, don haka ki fara tantance ko batunki na da'ira ne ko na birnin gaba ɗaya.