Shin girman ƙahon ragon dutse shaida ce ta tsufansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin lardin Alberta ne a ƙasar Kanada, kuma na daɗe ina farauta da lasisi, amma bana ne na yi niyyar hawa duwatsu neman ragon dutse tare da wasu abokan aikina. Abin da ya dame ni shi ne hirarsu ba ta wuce inci da maki. Ɗayansu ya ce duk wanda ya harbi ragon da bai kai maki 180 ba ya ɓata harsashinsa. Suna kuma cewa rago mai babban ƙaho tsoho ne da ya gama barbara, saboda haka kashe shi taimako ne ga garke. Zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba. Gaskiya ce? Idan kuma na ga ragon da doka ta halatta amma ƙahonsa ba na burgewa ba ne, in harba ko in ƙyale?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rashin kwanciyar zuciyarka yana kan hanya, domin maganar abokanka ta haɗa abubuwa biyu da ba su da tabbacin tafiya tare, wato girman ƙaho da yawan shekaru.

Zan fara da adadin 180 ɗin, tunda shi suka riƙe kamar aya. Wannan shi ne mafi ƙarancin makin da ragon dutse na tsaunukan Roki zai samu kafin a shigar da shi kundin tarihi na dindindin na ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887. Tsarin awon da ake amfani da shi yau an tsayar da shi a 1950: a auna tsawon ƙahonin biyu, a auna kaurinsu a gindi da kuma wurare uku zuwa sama, a cire bambancin kauri da ke tsakanin dama da hagu, kuma ba a karɓar awon sai ƙahon ya bushe kwana 60. Waɗanda suka ƙirƙiro kundin sun yi shi ne a zamanin da ake tsoron manyan namun dajin Amurka za su ƙare, suna son a bar shaidar yadda dabbobin suke da inda suka fito. Kundin dabba ne tun asali, mafarauta ne suka mayar da shi kundin sunayensu. Yana da kyau abokin naka ya san cewa ragon da ke riƙe da matsayi na ɗaya a duniya, mai maki 216 da 3/8, ba wanda ya harbe shi. A mace aka tsince shi a tsibirin Wild Horse na jihar Montana a 2016. Mafi yawan ragunan da ake harba bisa doka ba sa kai 180, kuma mafi yawan gwanayen mafarauta suna tsufa ba su taɓa riƙe irinsa ba.

Sai babbar maganar, wadda kusan kullum nake jin ta daga bakin mafarauta, da 'yan jagora, har ma da wasu da ya kamata a ce sun fi haka sani: wai babban ƙaho yana nufin tsohon rago. Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai ɓarna, saboda yana ba mutum damar biyan buƙatar taƙamarsa yana kuma jin cewa aikin alheri ya yi. Ƙahon rago yana yin mafi yawan tsawonsa ne a shekarunsa na farko, daga nan girman yana raguwa kowace shekara har ya zama ɗan kaɗan. Raguna kuma ba saurinsu ɗaya ba. Wani, saboda gadon da ya ɗauko da kuma kiwon da ya samu, ƙahonsa yana kai ma'aunin doka yana ɗan shekara huɗu ko biyar, wani kuwa sai ya kai takwas, wani har ya mutu bai kai ba. A ɗaya gefen, tsohon rago na gaskiya sau da yawa ya riga ya daddatse bakin ƙahoninsa wajen karo da 'yan'uwansa da gogawa a duwatsu, saboda haka yana iya zama ya fi wani saurayi gajartar ƙaho alhali ya ninka shi a shekaru. Idan ka hango rago mai dogon ƙaho siriri wanda tsininsa bai taɓu ba, akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa matashi kake kallo.

Dokar da aka daɗe ana aiki da ita a yawancin yankunan lardinku ta kashi huɗu cikin biyar na lanƙwasar ƙaho ce, wato rago ba ya halatta sai ƙahonsa ya lanƙwasa kashi huɗu cikin biyar na cikakken zagaye, ba ruwanta da shekaru. To ka duba abin da hakan ke haifarwa. A garken ragunan dutse, babban ƙaho ba ya fara biyan mai shi sai ya kai wajen shekara bakwai zuwa sama, lokacin da nauyinsa da ƙahonsa suka isa ya tsare tunkiya a lokacin barbara ya kori sauran. Kafin nan, ɗan abin da yake samu na sata ne, ya kutsa da gudu ya raba tunkiya da babban ragon na ɗan lokaci. Ke nan ragon da ya fi kowa saurin girman ƙaho shi ne wanda doka ke fara halatta jininsa, tun bai kai shekarun da zai zuba iri da yawa ba, shi kuwa mai jinkirin girma yana zaune lafiya yana barbara shekara da shekaru. Duk makiyayin da ke sayar da ragonsa mafi kyau kowace Babbar Sallah kafin ya hau tumaki, yana barin ƙanƙararre a garke, ya san abin da zai tarar bayan shekara ashirin.

Kuma ba hasashe nake yi maka ba, a lardinku aka gwada. A dutsen da ake kira Ram Mountain, masana irin su Jon Jorgenson da Marco Festa-Bianchet sun bi garke guda tun farkon shekarun 1970, suna kama dabbobin suna sa musu alama, suna auna nauyi da ƙaho, suna sanin uwar mafi yawansu da uban da dama daga cikinsu. A 2003 David Coltman da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a mujallar Nature: ragunan da mafarauta suka harba su ne masu gadon saurin girma, matsakaicin shekarunsu wajen shida ne kawai, kuma nauyin raguna da girman ƙahoninsu sun ragu a cikin shekara talatin. An tsaurara dokar wurin zuwa cikakkiyar lanƙwasa a 1996. Wani nazari na 2016 da Gabriel Pigeon ya jagoranta ya sake duba bayanan, ya tabbatar da cewa wani ɓangare na raguwar daga gado yake, kuma ya nuna cewa bayan an rage harbin, ƙahonin ba su yi saurin komawa yadda suke ba.

Adalci ya sa in faɗa maka cewa masana ba su haɗu a kan girman wannan tasiri ba. Garken Ram Mountain ƙarami ne kuma a keɓe yake, an harbi kusan kashi 40 cikin ɗari na ragunan da suka halatta kowace shekara, sannan cunkoso da ƙarancin abinci su ma sun taka rawa wajen ƙanƙancewar ƙaho. A jihohin Amurka da ake ba da lasisi ƙalilan ta hanyar ƙuri'a, nazarin da aka yi ya nuna cewa a mafi yawan yankuna girman ƙaho bai ragu ba. Amma ka lura da abin da wannan saɓani yake nufi: inda aka taƙaita yawan harbi kuma ake ɗaukar tsofaffi, matsalar ba ta bayyana, inda kowa zai iya sayen lasisi kuma ma'aunin ƙaho ne kaɗai, tana bayyana. Babu wani ɓangare cikin masu saɓanin da ya ce babban ƙaho shaidar tsufa ce. Wannan maganar sansanin farauta ce, ba ta masana ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake sayar da wannan magana. Ɗan jagoran da aka biya dubban daloli yana son baƙonsa ya koma gida da hoto, saboda hoton ne tallarsa ta baɗi, don haka da zarar ƙaho ya haye layin doka sai ya raɗa masa cewa tsoho ne, alhali bai tsaya ya ƙirga zoben shekara ko ɗaya ba. Hukumomi kuma suna da bayanan a hannunsu, tunda duk ragon da aka harba sai an kai kansa an yi rajista an auna, amma da an taɓo gyaran doka sai a shiga taro bayan taro da neman jin ra'ayi, raguna kuwa ana ta harbinsu suna 'yan shekara biyar. Jihar Alaska ta nuna cewa ana iya sa shekaru cikin doka: a yawancin yankunanta farin ragon dutse yana halatta ne idan ƙahonsa ya yi cikakkiyar lanƙwasa, ko ya kai shekara takwas, ko bakin ƙahonin biyu duk ya karye.

Game da girman kai kuwa, farautar ragon dutse ta fi kowace farauta jawo shi, saboda wahalar hawa da tsadar lasisi sun mayar da ita alamar matsayi. Tun 1948 da marubuci Grancel Fitz ya raɗa wa harbin nau'o'i huɗu na ragunan Amurka ta Arewa suna Grand Slam, ake samun masu harbi don cike gurbi a jeri, ba don sun san dabbar ba. Lasisin harbin rago guda da Montana ke sayarwa a gwanjo ya kai dala 480,000 a 2013, na New Mexico kuma ya kai dala miliyan 1.3 a 2025. Ba zan yi ƙarya in ce kuɗin nan ba ya aiki ba. Da shi ake kama raguna a kai su duwatsun da suka ƙare, da shi ake gina wuraren shan ruwa a hamada, kuma yana cikin dalilan da suka sa yawan ragunan a Amurka ta Arewa ya tashi daga kimanin 25,000 a tsakiyar ƙarnin da ya wuce zuwa fiye da 80,000. Sai dai wannan ƙishirwar inci ɗaya ce ta kai wani dattijo mai gonar kiwo a Montana ga amfani da sassan jikin ragon Marco Polo, wani ƙaton ragon dutse na tsakiyar Asiya, da aka shigo da su daga Kirgistan, ya sa aka kwafo masa ragon a ɗakin gwaji, yana haɗa irinsa da wasu tumaki don sayar wa gonakin harbi masu shinge, har kotu ta ɗaure shi wata shida a 2024. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma a addininmu kashe rai don a gani a yaba ba ƙaramin abu ba ne. An halatta farauta ne don a ci nama.

Da masu hirar inci za su ba da rabin lokacinsu ga ciwon huhu da ya fi amfani, domin shi ne babban mai kashe ragunan dutse. Ƙwayar cutar Mycoplasma ovipneumoniae tana fitowa daga tumaki da awakin gida, tana iya kwashe babban kaso na garke a lokaci guda, sannan ta ci gaba da kashe 'ya'yan da ake haifa shekaru bayan haka. Ragon dutsen da muka sani a duwatsun Azbin na Nijar da Ennedi na Chadi, wanda farauta ba ƙa'ida da fari suka rage shi a gida, an kai shi Texas a shekarun 1950 don jin daɗin mafarauta, yanzu ya yi yawa a can yana gasa da ragon hamada na asali a kan ruwa da kiwo, kuma yana iya ɗauke da wannan ƙwayar cuta.

A kan tambayarka ta biyu, shawarata ita ce ka sauya abin da kake nema daga maki zuwa shekaru. Ka je da madubin hangen nesa mai kyau da ƙafafun kafa shi, ka zauna ka ƙirga zoben shekara da ke jikin ƙahon, wato layukan nan masu duhu da zurfi da ke fitowa duk hunturu idan girma ya tsaya, ka kuma yi hattara da zoben ƙarya marasa zurfi da ba sa zagaye ƙahon gaba ɗaya. Ka tuna cewa a ragon da bakin ƙahonsa ya datse, girman shekarar farko ya riga ya tafi, sai ka ƙara ta a lissafi. Ka duba kaurin da ya tafi har kusa da baki, da tabon karo a hanci, da bayan da ya fara lotsawa. Idan ka tabbatar ya kai takwas ko tara kuma doka ta halatta shi, ka harba ko da makinsa 155 ne, ka kwaso naman duka kafin ka damu da kai. Idan kuwa ƙahon ya haye layi amma zoben biyar ka ƙirga, ka bar shi, ko da shi ne mafi kyawun abin da ka gani a tafiyar. Idan tazara ko hazo sun hana ka ƙirgawa, kada ka harba a kan ƙiyasi, domin ragon da ya gaza layin doka da ɗan kaɗan ƙwace shi ake yi a wurin rajista, ga tara a kai. Idan abokanka suka dawo da nasu, ka bi su wurin rajistar ka tambayi jami'in shekarun da ya rubuta wa kowane rago.