Hukuncin Tara Kuɗi Don Kyanwoyi Da Karnukan Da Ba Su Da Mai Su

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni da wasu ƙawayena mun jima muna ciyar da kyanwoyin da ke gararamba a titi, wani lokaci har da karnuka. Idan muka ga wanda mota ta buge ko ciwo ya ci jikinsa, mukan kai shi wurin likitan dabbobi. Yanzu abin ya fi ƙarfin aljihunmu, muna so mu buɗe asusu mu nemi gudummawar jama'a ta intanet. Sai kawuna ya ce haramun ne, wai kare najasa ne, mala'iku ba sa shiga inda yake, kuma ga mutane cikin yunwa ina ake ta karnuka. Shin ya halatta? Za mu iya karɓar zakka? Sannan likita ya ba mu shawarar a riƙa fiɗiye su don kada su yi ta hayayyafa, shi ma muna neman hukuncinsa.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yata, abin da kuke yi halal ne, kuma sadaka ce da ake fatan lada a kanta. Neman jama'a su taya ku shi ma halal ne, muddin kuɗin sadakar ganin dama ne ba zakka ba, kuma kuka riƙe amanarsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, labarin mutumin da ƙishirwa ta kama shi a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito sai ya ga kare yana lallage yana cin danshin ƙasa. Ya ce a ransa, abin da ya same ni shi ne ya sami wannan karen. Ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki har ya hau, ya shayar da karen. Allah ya gode masa ya gafarta masa. Sahabbai suka yi irin tambayarki, suka ce: ya Manzon Allah, ashe muna da lada a kan dabbobi? Ya ce: a cikin kowace ɗanyar hanta, wato kowane mai rai, akwai lada. Ki lura, dabbar da aka yi maganar a kanta kare ne, kuma karen hanya wanda hadisin bai ambaci mai shi ba. A wani hadisin nasu, wata mazinaciya ce daga Banu Isra'ila ta ga kare yana kewaya rijiya ƙishi na neman kashe shi, ta tuɓe takalminta ta ɗebo masa, aka gafarta mata saboda haka. A ɗaya ɓangaren kuma ga hadisin Ibn Umar na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummu ne irinku.

Shi kuwa kiran jama'a su haɗa hannu a kan alheri, asalinsa yana cikin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, da hadisin Jarir bin Abdullah a Sahihu Muslim, lokacin da mutanen Mudar suka zo Madina cikin tsumma, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi huɗuba ya kwaɗaitar, mutane suka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Duk abin da ya halatta mutum ɗaya ya yi sadaka a kansa, ya halatta a taru a yi. Musulman da suka gabace mu ma sun fahimci haka: an ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Misira daga 1260 zuwa 1277, ya ware wani lambu a Alƙahira wakafi don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Maganar kawunki kuwa, kada ki ɗauke ta da raini, don hadisan da yake nufi ingantattu ne. Sai dai an ɗora su a inda ba muhallinsu ba. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da wanda ya ce duk mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa ƙiraɗi (wani ma'auni) na lada kullum, duka suna magana ne a kan ajiye kare a gida ba da wata buƙata ba. Ciyar da mai jin yunwa da yi wa mai rauni magani wani babi ne daban. Annabin da ya faɗi wancan shi ne ya faɗi wannan, kuma maganarsa ba ta karo da juna. Batun najasa ma akwai saɓani: Imam Malik yana ganin kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai, Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne mai kauri, Hanafiyya suna ganin yawunsa ne najasa. To ko da mun ɗauki fatawa mafi tsanani, najasa wankewa take wajabtawa, ba ta halatta a bar rai ya mutu da yunwa. Kyanwa kuwa babu ma magana, hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku.

Wani zai ce ai an yi umarnin kashe karnuka a Madina. An yi, sannan aka janye. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi bin Mugaffal cewa bayan umarnin Annabi ya ce: ina ruwansu da karnuka? Abin da malamai ba su yi saɓani a kansa ba shi ne kashe kare mai cizo, wanda yake cikin abubuwa biyar da aka yarda a kashe ko a cikin Harami.

Sai hujjarsa ta biyu, wadda ta fi nauyi: mutane suna cikin yunwa. Gaskiya ne ɗan Adam shi ne gaba. Annabi ya ce ka fara da kanka, sannan iyalinka, sannan danginka. Wanda iyalinsa ba su ci ba, ko bashi ya hau kansa lokacin biya ya yi, ko maƙwabcinsa na kwance babu kuɗin magani kuma babu mai taimakonsa sai shi, bai halatta ya tsallake waɗannan ya ba ku ba, ku ma kada ku kwaɗaitar da irinsa. Idan ruwa ɗaya ne, ga mutum ga kare, na mutum ne. Amma fifiko yana aiki ne a lokacin da haƙƙoƙi biyu suka yi karo a hannun mutum ɗaya. Ba a taɓa samun zamanin da babu matalauta ba, har zamanin Annabi da mutanen Suffa ke kwana da yunwa a masallacinsa, kuma a wancan zamanin ne ya faɗi hadisin ɗanyar hanta bai ce sai talauci ya ƙare ba. Abin da nake ba ku shawara shi ne kowace daga cikinku ta kasance tana da rabonta a wajen marayu da marasa lafiya, kada tausayin dabba ya zama shi kaɗai ne tausayin da aka san ta da shi.

Akwai kuma abin da masu wannan suka ba su cika lura da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allurar rigakafi, yaɗuwarsa takan yanke. Ke nan kuɗin da aka kashe a kan allurar karen titi kuɗi ne da aka kashe wajen kare ran yaron da ke wasa a wannan titin, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Da ni ne mai tsara muku kashe kuɗin, da allura zan sa a gaba, kafin abinci.

Zakka dai ba ta shiga nan. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙididdige masu cin ta kashi takwas, dukkansu mutane ne, kuma ba a faɗaɗa "fi sabilillah" har ta kai ga dabbobi. Haka zakkar fid-da-kai da kaffara. Ku rubuta wannan ƙarara a sanarwarku, don mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya turo zakkarsa bisa kuskure ku mayar masa, domin ba ta sauka daga wuyansa ba.

Inda na fi jiye muku tsoro shi ne kuɗin kansa. Duk abin da ya shigo asusun amana ne, ku wakilai ne ba masu shi ba, kuma sharaɗin mai bayarwa abin bi ne. Wanda ya ce don maganin wata kyanwa ya bayar, ba a sayen abincin karnuka da kuɗinsa sai da izininsa. Idan ta warke ko ta mutu kuɗi ya yi saura, a tambaye shi, in ba a same shi ba a kashe a mafi kusa da niyyarsa. Mafi sauƙi shi ne tun farko ku faɗa cewa rarar za ta tafi ga sauran dabbobin. Ku raba asusun da aljihunku, ku sa aƙalla mutum biyu a kansa, ku rubuta shiga da fita, ku riƙa nuna wa jama'a. Biyan likita da mai shara da kuɗin mota daga asusun ya halatta gwargwadon ladan aikin da aka saba, haka kason da shafin tara kuɗi yake cirewa, amma masu bayarwa su san da shi. Kada ku ɗauko hoton dabbar wani wuri ku ce taku ce, kada ku ƙara wa ciwo gishiri don zukata su karaya. Akwai marasa tsoron Allah da suke jefa dabba cikin wahala da hannunsu don su ɗauki bidiyon ceto su ci kuɗi. Wannan zalunci ne da ƙarya da cin dukiyar mutane da ɓarna a haɗe. Haka nan ku nisanci tara kuɗi ta hanyar sayar da tikitin da wani zai ci kyauta wasu su yi asara, wannan caca ce ko da niyyar ta yi kyau. Karɓar gudummawar wanda ba Musulmi ba, ko aiki tare da shi a kan wannan, babu laifi.

Idan kuna tunanin killace su a wuri ɗaya, ku tsaya ku yi lissafi tukuna. Dabbar da ke yawo ciyar da ita mustahabbi ne a kanku. Ranar da kuka kulle ta, ya zama wajibi, ko asusu da kuɗi ko babu. Gudummawar jama'a kuwa takan zo da yawa a farko ta ja baya. Wanda ya tara karnuka hamsin ya kasa ciyar da su ya faɗa cikin hadisin matar nan mai kyanwa, ko da tausayi ne ya kai shi. A 1910 an kwashe dubban karnukan titin Istanbul aka zuba su a wani tsibiri marar ruwa marar abinci, suka mutu da yunwa da ƙishi, har yau ana ambaton abin da baƙin ciki. Kada ku ɗauki fiye da abin da za ku iya riƙewa, kuma wurin ya yi nesa da ɗakunan kwana da wurin salla, kada haushi da wari su cuci maƙwabta. Tsare kare a irin wannan wuri don jinya ko don kare mutane daga cutarsa buƙata ce, ina fatan ba ya cikin ajiyewar da ake rage lada a kanta. Wanda za ku ba wa kare ya riƙe, ya zama mai gadi ne ko kiwo ko farauta, kuma kyauta za ku ba shi, don an hana cin kuɗin kare a hadisin Abu Mas'ud.

Fiɗiya kuwa malamai sun saɓa. Shafi'iyya sun hana ta ga dabbar da ba a cin namanta, Hanafiyya sun halatta idan akwai amfani ko tunkuɗe cuta, har sun ambaci kyanwa da sunanta. Waɗanda suka hana sun dubi azabtarwa da canza halitta ba da dalili ba. A yau likita yana yin aikin ne bayan ya sa dabbar barci, dalilin kuma a bayyane yake: cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, 'ya'yan da yawa yunwa da cuta ke kashe su a titi, kuma idan suka yi yawa mutane kan koma ga guba, wadda kisa ce mai tsananin azaba. Saboda haka abin da na rinjayar shi ne halacci, da sharaɗin ƙwararren likita ya yi, a gusar da zafi, a kula da ita har ta warke.

Wanda likita ya tabbatar ya haukace, ko ya zama mai cizon mutane, a kashe shi ta hanya mafi sauri da sauƙi, saboda hadisin Shaddad bin Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Wanda kuma ciwo ya kai shi inda aka fid da rai yana ta shan wahala, Malikiyya sun yarda a hutar da shi. Ku da kuke taɓa su, ku nemi rigakafin kanku. Wadda aka ciza ko aka yakusa ta wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ta tafi asibiti a ranar, kada ta jira ta ga alama. Kawunki kuma ki kai masa waɗannan hadisai cikin ladabi, ki nemi ya sa muku albarka.

Wallahu a'alam.