Amsoshin Tambayoyinku: Sinadarin Damuwa, Sha-ka-fashe da Shayin Intanet

Wani ma'aikaci daga Kaduna ya rubuto cewa ya ji motsa jiki yana ƙara sinadarin kotisol mai tara teɓa, saboda haka yana so ya daina gudun asuba ya sayi wani shayi da ake tallarsa a Facebook wai yana kashe sinadarin.

Malam, kada ka daina gudunka. Kotisol, wanda ake kira sinadarin damuwa, sinadari ne da wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda suke fitarwa, yana hawa da sassafe ya sauka can tsakar dare, kuma gudu yana ɗaga shi ne na ɗan lokaci sannan ya koma. Wanda ke ɓata jiki shi ne wanda ya daɗe a sama saboda rashin barci da damuwar da ba ta yankewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Kuɗin shayin nan ka sayi takalmin gudu da su, ko da na gwanjo ne.

Wata amarya daga Zariya ta ce ƙawayenta sun haɗa mata ƙwayoyin sha-ka-fashe kafin biki, ta yi wata huɗu tana sha, yanzu fuskarta ta kumbura, ƙishirwa da fitsari sun dame ta, tana tambaya ko ta watsar da su yau ta sayi maganin wankin ciki.

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, amma kada ki daina shan su a rana ɗaya, kuma kada ki sayi komai. Yawancin abin da ake ƙullawa a leda da wannan suna akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, waɗanda kotisol ne na kanti, kuma dexamethasone ya fi na jiki ƙarfi fiye da sau 20. Idan mutum ya daɗe yana shan su, halittun nan na saman ƙoda sai su rage aiki, domin jiki ya ga ana kawo masa daga waje. Wanda ya yanke kwatsam yana iya faɗuwa da amai, kasala da saukar jini, har ta kai ga rasa rai. Ki ɗauki ledar yadda take ki kai wa likita a asibitin gwamnati, shi zai rage miki sannu a hankali, ki kuma roƙi a gwada miki sukari kafin karin kumallo, domin ƙishirwar da kika ambata alama ce da ba a wasa da ita.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da 'yan matanmu suke kira cikowa ruwa ne da kitsen da ya taru a fuska, wuya da ciki, yayin da naman hannu da na cinya ke zubewa, ƙashi yana raguwa, hawan jini da ciwon sukari suna biyo baya. Uwa za ta yi watanni tana adashi don kayan ɗaki, sannan a gabanta a ba 'yarta ƙwayar da ba ta da suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Wasu masu haɗa maganin gargajiya ma suna niƙa irin waɗannan ƙwayoyi a cikin garin da suke sayarwa na ciwon gaɓoɓi, kuma man bilicin mai clobetasol, wanda shi ma dangin kotisol ne, yana shiga jini ta fata ya yi irin wannan ɓarna. Mai kemis ɗin da ya ƙirga wa yarinya su ba tare da takardar likita ba ya san abin da yake yi.

Wata uwa daga Sakkwato ta ce ɗanta ya bar tramadol mako biyu, ba ya barci, ga saurin fushi, tana so ta riƙa sayo masa lemon ƙara kuzari.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya masa. Mai barin ƙwaya sinadaran damuwarsa a tashe suke, kuma damuwa tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ruwa. Lemon nan sinadarin kafin (caffeine) ne da sukari, zai ƙara masa bugun zuciya ya hana shi ɗan barcin da yake samu. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kuma a samu wani yayansa ya riƙa fita da shi ƙwallo ko tattaki bayan La'asar.